Allurar Sinawa: A Ba Ta Gurbinta, Amma A Ja Mata Iyaka

A shekarar 2007 likitocin Jamus suka buga sakamakon wani gwaji da har yau ba a daina ja-in-ja a kansa ba. Mutum 1,162 suka tara, dukkansu masu ciwon bayan da ya daɗe ya ƙi tafiya, suka kasa su gida uku. Kason farko aka yi musu allurar nan ta Sinawa da ake kira akupanca, yadda malamanta suka tsara, a gurbin da littafi ya ce, a zurfin da littafi ya ce. Kaso na biyu aka yi musu ta bogi ba da saninsu ba: a ɗan tsikari fata sama-sama, a wuraren da ba sa cikin taswirar Sinawan. Kaso na uku aka bar su da abin da asibiti ya saba bayarwa, wato ƙwayoyi da gashin ƙashi da motsa jiki. Da aka waiwaye su bayan wata 6, kusan kashi 48 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allurar gaske sun samu sauƙi. Na allurar bogi kashi 44. Na asibiti kuwa kashi 27 kacal.

Kowane ɓangare ya ɗauki lambar da ta yi masa daɗi ya yi gaba. Masoya allurar suka ce kun gani ko, ta kusa ninka maganin asibiti. Masu sukarta suka ce to ai ta bogin ma haka ta yi, ashe taswirar da ake shekaru ana haddacewa ba ta tsinana komai. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Ita kuwa hukumar da ke tsara inshorar lafiya ta Jamus, wadda ta ga alƙaluman tun kafin a buga su, sai ta amince a riƙa biyan kuɗin allurar ga masu daɗaɗɗen ciwon ƙugu da na gwiwa kawai.

Ni a ganina Jamusawan sun yi abin da ya dace. Allurar tana da gurbi a wajen rage raɗaɗi, ɗan ƙarami ne amma na gaske ne. Ba don labarin da ake bayarwa a kanta ya inganta ba, a'a, sai don daɗaɗɗen ciwo abu ne da ƙwaya ba ta iya masa yadda muke zato, kuma ƙwayar tana da nata ɓarnar. Amma duk wanda ya fito da ita daga wannan gurbi, ya ce tana warkar da ciwon suga ko rashin haihuwa, cutar mutane yake yi, ko da shi kansa ya yi imani da abin da yake faɗa.

Wanda bai taɓa gani ba zai ɗauka irin allurar asibiti ce. Ba ita ba ce. Ba ta da rami a ciki, ba a ɗura komai ta cikinta, kaurinta kamar rubu'in milimita, in ka taɓa ta har lanƙwasawa take yi. Majinyaci zai kwanta rub da ciki, mai yin ya goge wurin da sifirit, ya kafa ɗan bututun roba a kan fata, ya ɗan buga kan allurar da yatsa, sai ta shige. Daga nan ya riƙa murza ta a hankali har mutum ya ce yana jin wani nauyi-nauyi ko tsami-tsami yana yaɗuwa, wanda a wurinsu shi ne alamar an dace. A kan kafa kamar 10 zuwa 20, a gadon baya, a bayan gwiwa, wani lokaci har a hannu ko a kunne, a bar mutum a kwance minti 20 zuwa 30. Wasu suna haɗa alluran da 'yar wutar batir, wasu suna ƙona busasshen ganye kusa da fata don ɗumi ya shiga. Jini ba ya zuba, in ma ya fito ɗigo ne.

Bayanin gargajiyar Sin shi ne akwai wani ƙarfin rayuwa da suke kira qi, yana gudana a jiki ta wasu manyan hanyoyi 12, in hanya ta toshe sai ciwo ya taso, allura kuma ita ke buɗe ta. Gurabe 361 ne a jerin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita sunayensu. To amma an daɗe ana feɗe gawa a makarantun likitanci, an ga jijiyoyin jini, an ga na laka, an bi su har inda ido ba ya gani sai da madubin likita, ba a taɓa cin karo da waɗannan hanyoyi ba. Daidaita sunaye daban, tabbatar da samuwar abu daban.

Masu tallar allurar suna son cewa ta shekara dubbai ba ta canza ba. Tsufa dai ta tsufa, domin littafin likitancin da ake danganta wa Sarki Huangdi, wanda aka tattara sama da shekara 2,000 da suka wuce, ya yi bayaninta. Sai dai alluran wancan zamani iri 9 ne, a cikinsu akwai masu kaifi na fitar da jini da na huda ƙurji, wato sun fi kusa da tsagar wanzami da sakiya fiye da siririn ƙarfen yau, wanda ƙirar ƙarni na 20 ne. A shekarar 1027 wani likitan fada, Wang Weiyi, ya sa aka ƙera mutum-mutumin tagulla mai ƙananan huji a kowane gurbi. Ana ba da labarin cewa a kan shafe shi da kakin zuma a cika cikinsa da ruwa, ɗalibi ya soka, in ruwa ya tsarto ya ci jarrabawa. Dabara ce mai ban sha'awa, amma abin da take aunawa shi ne ko ɗalibi ya haddace taswira, ba ko taswirar tana warkarwa ba. Su kansu Sinawan ba kullum suke tare da ita ba. A 1822 fada ta cire ta daga makarantar likitocin sarki, a 1929 kuma saura ƙiris gwamnatin lokacin ta soke likitancin gargajiya ɗungurungum.

Shugaban Sin Mao Zedong ne ya farfaɗo da ita bayan 1949, kuma dalilinsa ba ɓoyayye ba ne: ƙasa ce mai ɗaruruwan miliyoyin mutane da likitocin zamani 'yan tsiraru, allura kuwa ba ta da tsada. Likitansa, Li Zhisui, ya rubuta daga baya cewa Mao ya gaya masa shi kansa bai yarda da maganin gargajiyar ba, ko da yake yana ganin ya kamata a bunƙasa shi. Shigarta Amurka kuma ta hannun ɗan jarida ce. A watan Yulin 1971 James Reston na jaridar New York Times yana Beijin afendis ya kama shi, aka yi masa tiyata da maganin kashe zafi irin na asibiti. Bayan aikin cikinsa ya kumbura yana ciwo, sai aka kafa masa allura uku, a gwiwar hannu da ƙasan gwiwoyin ƙafa, ya ce ya ji sassauci. Ya rubuta labarin, labarin ya zaga, kafin ka ce kwabo ya rikiɗe a bakin mutane ya koma wai da allura kaɗai aka farke masa ciki. Watanni kaɗan bayan haka, a Fabrairun 1972, Shugaba Nixon na Amurka ya ziyarci Sin, sha'awar duk wani abu na Sinawa ta kama Amurkawa. Ita ma Afirka ta hanyar siyasa allurar ta iso ta, cikin ayarin likitocin da Sin ta fara turowa Aljeriya a 1963, ta kuma ci gaba da turawa ƙasashe da dama har da Nijar.

Duk wannan bai nuna ba ta aiki ba. Abin da ya nuna shi ne ta yaɗu kafin a auna ta, sai daga baya awo ya biyo.

A 1975 masana biyu a Aberdeen ta Sikotilan, John Hughes da Hans Kosterlitz, suka gano cewa ƙwaƙwalwa tana sarrafa nata sinadarin kashe zafi mai aiki irin na mofin, wato maganin kashe zafi mai ƙarfi na asibiti. Ba a daɗe ba aka nuna cewa idan aka ba mutum naloxone, maganin da ke toshe aikin mofin, sauƙin da allura ke kawowa yana raguwa. Masoya allurar suka yi murna, ga hujja ta samu. Murnar ba ta yi nisa ba, domin a 1978 wasu masana a San Francisco suka gwada masu ciwon cire haƙori, suka ga maganin bogi ma, wanda babu komai a cikinsa, ta wannan hanyar yake rage zafi, kuma naloxone yana toshe shi. Wato jiki yana da kantin maganinsa, kuma abubuwa da yawa suna iya buɗe ƙofar: tsikari, tausa, motsa jiki, har da sa rai cewa sauƙi na tafe.

A 2009 aka sake gwadawa a Amurka da mutum 638 masu ciwon baya. Wannan karon wasu daga cikinsu ba a ma huda musu fata ba. Tsinken sakace aka sa a cikin bututun, aka danna a bayansu suna kwance ba sa gani. Sauƙin da suka samu daidai yake da na waɗanda aka soka wa allura, kuma dukkansu sun fi waɗanda aka bari da kulawar da aka saba. Bincike mafi girma da ya goyi bayan allurar shi ne wanda Andrew Vickers da abokan aikinsa suka yi a 2018, inda suka haɗe bayanan gwaje-gwaje 39 na mutum 20,827 masu ciwon baya da wuya da gwiwa da kafaɗa da ciwon kai. Sun samu cewa ta gaske ta ɗara ta bogi, amma da tazara 'yar kaɗan, tazarar da ta fi girma tana tsakanin wanda aka yi wa allura kowace iri da wanda ba a yi wa komai ba. Wannan shi ne iyakar abin da mai gaskiya zai iya ɗorawa a kan tebur.

Akwai kuma dalilin yin taka-tsantsan da wasu takardun. Shi dai wannan Vickers ɗin, tun a 1998, ya duba gwaje-gwajen allurar da aka buga, ya tarar duk wanda ya fito daga Sin da Japan da Hong Kong da Taiwan nasara ya bayar, babu ko ɗaya da ya faɗi. Babu maganin da ke cin kowace jarrabawa, ko panadol bai yi haka ba. In ka ga haka, to waɗanda suka faɗi ne ba a buga ba. Kada a ɗauka raini ne ga ilimin Sinawa. Maganin zazzaɓin cizon sauron da ke ceton 'ya'yanmu a yau daga tsofaffin littattafansu wata masaniyarsu, Tu Youyou, ta samo bakin zarensa, a wani ganye dangin tazargade, har ta karɓi lambar Nobel a 2015. Bambancin shi ne ganyen ya shiga ɗakin gwaji ya kashe ƙwayar cuta a idon kowa.

To in ba taswira ba ce, me ke aiki? Wani kaso tsikarin ne kansa. Amma ina ganin kaso mai tsoka yana cikin abin da ke kewaye da allurar. Mutum ya samu wanda ya zauna ya saurare shi, ya tambaye shi barcinsa da cin abincinsa, ya sa hannu ya taɓa daidai inda ke ciwo, ya kwantar da shi rabin awa babu hayaniya, ya ce masa ya dawo mako mai zuwa. Kwatanta da layin asibiti inda likita ɗaya ke duba mutum fiye da ƙima, kafin ka gama cewa bayana ya riga ya rubuta takarda. Ba laifin likitan ba ne, yawa ne ya yi masa yawa. Daɗaɗɗen ciwo ba a tsoka kaɗai yake zaune ba, yana cuɗe da tsoro da rashin barci da tunanin ko shi ke nan na nakasa. Wanda ya rage wannan tsoro ya rage ciwo, kuma sauƙin ba na ƙarya ba ne don kawai ta ƙwaƙwalwa ya biyo. Kowane zafi ma ai a can ake jin sa.

Da a ce ƙwayoyin suna aiki yadda ya kamata, da wannan ɗan amfani bai isa a tsaya a kansa ba. Ba sa yi. Wani babban gwaji a Ostareliya a 2014 ya nuna farasitamol bai fi ƙwayar bogi saurin warkar da sabon ciwon baya ba. Su diclofenac da ibuprofen da piroxicam suna rage zafi, gaskiya ne, amma in aka daɗe a kansu suna cin bangon ciki su kawo gyambo da zubar jini, suna kuma taɓa ƙoda, musamman ga dattijo ko mai hawan jini. Ka tsaya a bakin kemis bayan magariba ka gani. Lebura zai zo da ƙurar siminti a gira, ɗan acaba zai zo yana dafe da ƙugu, kowa kalmarsa ɗaya: a haɗa min na ciwon jiki. Yaron shago ya ɓallo wannan ja, wannan fari, wannan ruwan ɗorawa, ya ƙulle a leda. Sau da yawa biyu daga ciki dangi ɗaya ne, illarsu ce ke ninkuwa ba amfaninsu ba. Mutumin ya kora da ruwan leda, cikinsa babu komai tun rana, gobe ma haka, jibi ma haka. Ba ganganci ba ne. In bai fita ba gidansa ba a ɗora tukunya, kuma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Daga nan zuwa tiramol taku ɗaya ne. Amurka ta riga kowa ganin ƙarshen wannan hanya. Tun da aka fito da ƙwayar kashe zafi ta OxyContin a 1996 aka riƙa rubuta wa masu ciwon baya magunguna dangin mofin kamar alewa, mutane suka kamu, daga baya suka koma wa na kan titi. A 2021 kaɗai sama da mutum 100,000 suka mutu a can sakamakon ƙwaya ta yi musu yawa, mafi yawansu ta wannan dangi. Ba mamaki da a Janairun 2020 shirin Medicare na inshorar tsofaffi ya fara biyan kuɗin allurar Sinawa ga masu daɗaɗɗen ciwon ƙugu. Mu ma ba baƙin wannan masifa ba ne. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar a Najeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 suna shan irin su tiramol ba bisa umarnin likita ba, kuma a watan Mayun wannan shekarar gwamnati ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin. Ba duk mai shan tiramol ne ya fara don maye ba. Da yawa don su iya aiki suka fara. Idan aka ajiye allurar da ba ta sa jaraba, ba ta cin ciki, ba ta taɓa ƙoda, kusa da wannan ƙullin leda, ko da rabin amfaninta daga sa rai yake, ni na san wanda zan zaɓa wa ɗan'uwana.

Akwai masu cewa wannan yaudara ce da aka yi wa kwalliya, kuma likitanci bai kamata ya sayar da abin da bai fi bogi da yawa ba. Maganarsu tana da nauyi, ba na raina ta. Amsata ita ce yaudarar tana cikin labarin, ba cikin allurar ba. Babu abin da ya hana a ce wa majinyaci: Malam, wannan ba za ta gyara ƙashinka ba, ba kuma wata hanya za ta buɗe ba, amma wasu masu irin ciwonka suna samun sassauci, haɗarinta kaɗan ne, mu gwada na ɗan lokaci tare da motsa jiki. Wanda ya faɗi haka bai cuci kowa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a jagorar da ta fitar kan daɗaɗɗen ciwon ƙugu a Disambar 2023, ta sa allurar cikin abubuwan da za a iya gwadawa, amma da sharaɗi, a jere da motsa jiki da tausa da wayar da kan majinyaci, ta kuma ce kada a ba da magunguna dangin mofin. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila kuwa ta amince da ita ga ciwon baya a 2009, ta janye a 2016, sannan a 2021 ta ce a iya gwada zagaye guda ga ciwon da ya daɗe ba a gano musabbabinsa ba. Wannan kai-kawo na masana shi kansa ya isa ya nuna girman amfanin: akwai shi, amma bai kai a buga ganga ba.

Inda nake ja da ƙarfi shi ne idan aka tsallaka daga jin sauƙi zuwa warkewa. A 2011 masana a Harvard suka gwada masu asma da abu huɗu: abin shaƙa na gaske, abin shaƙa na bogi, allurar bogi, da zama kawai ba a yi komai ba. Da aka tambaye su, waɗanda suka samu allurar bogi sun ce sun ji sauƙi kusan daidai da masu maganin gaske. Da aka sa su hura na'urar awon numfashi, maganin gaske ne kaɗai ya buɗe huhu da kashi 20 cikin 100, sauran duk kashi 7. Ka ga haɗarin: mutum yana jin garau alhali ƙirjinsa a toshe yake. A ciwon baya, jin sauƙin shi ne abin nema. A asma da suga da hawan jini, jin sauƙi ba tare da gyara ba shi ne ke kai mutum kabari. Haka batun haihuwa. A 2018 aka gwada mata 848 masu neman ciki ta hanyar dashen ƙwai a Ostareliya da New Zealand, rabi allurar gaske rabi ta bogi, waɗanda suka haihu kusan kashi 18 ne a kowane ɓangare. Duk wanda ya karɓi kuɗin matar da ke cikin zullumin gori a gidan miji da alkawarin allura za ta ba ta ɗa, ya ji tsoron Allah.

Ko a ciwon bayan ma, sai an fara sanin abin da ake fama da shi. A ƙasashenmu tarin fuka yana kama ƙashin baya ya cinye shi a hankali har mutum ya shanye. Sankarar mama da ta mafitsara suna yaɗuwa zuwa ƙashi su fara bayyana da ciwon baya. Ciwon da ke tare da zazzaɓi, ko rama, ko zufan dare, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, ko wanda ya biyo bayan faɗuwa, wannan ba na mai allura ba ne, na likita ne da hoto, kuma da gaggawa. Wata uku da aka ɓata ana tsikari ana cewa an ji dama-dama na iya zama bambanci tsakanin tafiya da ƙafa da zama a keke.

Ita kanta allurar ba ta rasa haɗari ba, ko da yake kaɗan ne a hannun gwani. A Jamus an bi diddigin mutum 229,230 da aka yi wa, kusan kashi 9 cikin 100 suka ba da rahoton wata 'yar matsala, yawanci ɗigon jini ko tabo, mutum 2 kuma allura ta huda musu huhu. Wannan a ƙasar da likitoci ne ke yi, da allura sabuwa fil daga leda. A inda ciwon hanta ya yi katutu kamar yankinmu, allurar da aka maimaita tsakanin mutum biyu ta fi ciwon bayan muni nesa ba kusa ba. Darasin da wanzamai da masu ƙaho na kirki suka riga suka koya game da reza ɗaya ga mutum ɗaya, shi ne dai a nan. Amurka tun 1996 ta sa waɗannan allurai cikin kayan aikin likita, tsaftatattu, masu amfani sau ɗaya. Mai shan maganin tsinka jini da mai juna biyu kuma su faɗa tun kafin su kwanta.

Batun kuɗin gwamnati kuwa, a nan ba na tare da masu zumuɗi. Matsalar raɗaɗi a wurinmu fuska biyu gare ta: tiramol ya cika titi, mofin ya yi ƙaranci a gadon asibiti. Wani kwamitin mujallar Lancet ya nuna a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na mofin da ake rarrabawa. Mai sankarar da ta kai ƙarshe, da yaro mai sikila da ciwonsa ya tashi tsakar dare, da wanda ya ƙone, ba tsikari suke buƙata ba, maganin gaske suke buƙata mai ƙarfi, kuma zalunci ne a miƙa musu allura don ta fi araha. In akwai naira ɗaya ta kashewa, a fara da wannan, sai ƙarin ma'aikatan gashin ƙashi a asibitocin ƙananan hukumomi. Allura ta biyo baya, kuma mafi sauƙi a koya wa ma'aikatan da ake da su, waɗanda suka riga suka san inda huhu yake da alamomin da ke cewa a tura mutum gaba.

Abin da ya rage aikin hukuma ne, kuma ba mai wuya ba ne. A san wa ke yi da inda ya koya. A hana tallar warkar da suga da shanyewar ɓarin jiki da rashin haihuwa a rediyo da Facebook, ko da allura ce ko da na'urar da aka ce daga Sin ta zo. A buɗe ledar allura a gaban majinyaci, a jefa ta a kwandon ƙonawa a gabansa. Sannan a ɗauki ƙa'idar Medicare, domin tana kare aljihun talaka: zama 12 cikin kwana 90, in an ga ci gaba a ƙara 8, in ba a gani ba a tsaya. Wanda ya yi maka zama 12 babu canji, ya ce sai an ƙara 30 kafin jijiya ta buɗe, ka karɓi katinka ka koma wurin likita a sake duba bayan.